Inda Afirka Ta So Ta Rabe

Duk wanda ya buɗe taswirar Nijeriya a wayarsa zai ga kogin Binuwai ya taso daga Kamaru, ya ratsa Yola, ya bi ta Ibi da Makurɗi, ya je ya haɗu da Kwara a Lakwaja, kusan a miƙe kamar an ja masa layi. A firamare an koya mana cewa ruwa ne ke haƙa wa kansa hanya. Haka abin yake a wurare da yawa, amma shi Binuwai tarar da tasa hanyar ya yi. Kwarin da yake bi ya girme shi nesa ba kusa ba. Tsohon tabo ne a jikin nahiyar nan, wurin da Afirka ta fara yagewa shekara fiye da miliyan 100 da suka wuce, sai kuma yagewar ta tsaya.

Mu da muka karanta ilimin duwatsu a jami'o'in Arewa, da wuya a samu wanda bai taɓa kwana a cikin wannan kwari ba. Daga Zariya, daga Jos, daga Bauchi da Maiduguri, duk shekara ana ɗibar ɗalibai a mota a nufi Gombe da Adamawa da su. Mutanen ƙauye kan gan mu da guduma da jaka da malafa, su ɗauka zinariya muke nema. Aikin namu kuwa ya fi kama da na gyartai. Ana kawo wa gyartai fasasshiyar ƙwarya, ya juya ta, ya duba bakin kowane ɓari, ya gane wanne ne ke haɗuwa da wanne. Sai dai tamu ƙwaryar bayan ta fashe an cika ta da yashi da laka mai kaurin kilomita 5 zuwa 6, an matse ta, an binne rabinta, ruwan sama ya cinye sama-samanta. Kuma mu ba ɗinke ta ne burinmu ba. So muke mu san yadda ta fashe, da yaushe, da kuma wace tsaga ce ta riga wata.

Labarin a taƙaice shi ne, akwai lokacin da Afirka da Amurka ta Kudu suke manne da juna cikin wata babbar nahiya da masana ke kira Gondwana. Har yau in ka yanko taswirar Barazil ka tura ta gabas, kafaɗarta za ta shige cikin mashigin tekun Gini kamar murfi da tukunyarsa. Da rabuwa ta zo, tsagar ta yi rassa uku daga wajen da bakin kogin Kwara yake a yanzu. Biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama Tekun Atalantika, wanda har gobe yake ƙara faɗi da 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Reshe na uku ya kutsa cikin ƙasa ya nufi arewa maso gabas, tsawonsa wajen kilomita 1,000, faɗinsa kuma ya haura 100 a wasu wuraren. Shi ne Kwarin Binuwai. A can samansa ya sake rabuwa biyu: hannu ɗaya ya yi gabas ta Yola zuwa Garwa, ɗaya ya yi arewa ta Gongola ya shige ƙarƙashin yashin Borno. Da wannan reshe ya ci gaba, da yau Gombe da Yola suna bakin teku, ko ma a ƙarƙashinsa.

Abin da ke wuyar shiga kai a farkon karatu shi ne yadda dutse zai miƙe. Malamanmu kan kawo misalin mai alewa. Idan ya kama dunƙulen alewa mai ɗumi ya ja, tsakiyarta na sirancewa ba tare da ta tsinke ba. Ƙasan ɓawon duniya haka yake, saboda zafi ya sa shi taushi. Samansa kuwa sanyi gare shi, kamar ƙanzo yake, ba ya miƙewa sai dai ya karye. To ka ɗora ƙanzo a kan alewa ka ja. Alewar za ta sirance, ƙanzon ya tsattsage gida-gida, kowane gutsure ya zame ya karkace ya jingina da ɗan'uwansa kamar littattafan da suka kwanta a kan kanta. Tsakanin gutsure da gutsure sai a samu rami mai zurfi ta gefe guda, marar zurfi ta ɗaya gefen. Waɗannan ramuka su ne suka zama tafkuna da hanyoyin koguna, yashi da tsakuwa suka riƙa gangarowa suna cika su, ƙasan kuma na ƙara nutsewa.

Wannan yashin shi ne ya daskare ya zama dutsen da ake kira Yashin Bima, da sunan Dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa. Mutanenmu sun san wannan yanki da wani tarihin daban, domin ba nisa daga nan ne Burmi take, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi yaƙinsa na ƙarshe da Turawa a 1903. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan, kuma muna jin abin ya daɗe. Yashin da dawakai suka taka a wannan ƙasa kuwa ya kwana miliyoyin shekaru a wurin kafin a haifi ɗan Adam na farko da zai ba shi suna.

Lokacin fita daji shi ne rani, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, duwatsu sun fito fili. Ba a shiga gonar mutane haka kawai. Sai an fara zuwa wurin mai unguwa an yi gaisuwa, an faɗi abin da ya kawo mu, shi kuma ya haɗa mu da wani saurayi ko mafarauci da ya san kowane kwazazzabo. Sau da yawa waɗannan 'yan rakiya sun fi taswirarmu sanin inda dutse ya canza launi. A wajen Kaltungo sai an sa takalmi mai tsawo, kuma ba a cusa hannu a ƙarƙashin dutse, domin ƙasar kububuwa ce. Kayan aikin ba su da yawa: guduma, da ƙaramin gilashin ƙara girma, da kamfas mai auna karkata, da littafin rubutu, da gorar ruwa.

Abu uku muke nema. Na farko shi ne karkatar shimfiɗa. Yashi da laka a kwance suke taruwa, kamar yadda ƙasari ke kwantawa a gindin ƙwarya. Duk inda muka ga shimfiɗa ta karkata, wani abu ne ya karkatar da ita bayan ta kwanta. Sai mu auna inda ta fuskanta da yawan karkatarta, mu rubuta, mu yi gaba taku ɗari mu sake aunawa. Wuni guda ana iya cika shafi biyar da lambobi.

Na biyu shi ne fuskar tsagar kanta. Inda ɓari biyu na dutse suka goge juna, sukan bar fuska mai santsi da ƙarce-ƙarce a jere, kamar sawun da buhun hatsi ke bari in an ja shi a kan yashi. In ƙarcen ya gangara daga sama zuwa ƙasa, ɓari ɗaya ne ya zame ya faɗa, alamar an ja ƙasar ke nan. In kuwa a kwance yake, ɓarin biyu sun wuce juna ne gefe da gefe. Akan ɗora tafin hannu a shafa: ta wata fuska sumul, ta ɗaya fuskar da kaushi, kuma wannan kan nuna inda ɓarin da ya ɓace ya nufa. Ranar da ɗalibi ya fara shafa irin wannan fuska, ya ji da hannunsa inda ƙasa ta motsa tun kafin a yi Tekun Atalantika yadda muka san shi, ba ya mantawa.

Na uku shi ne kauri da girman tsakuwa. Kusa da tsohuwar tsaga, Yashin Bima cike yake da manyan duwatsu masu kaifin baki, waɗanda ba su yi tafiya mai nisa ba, faɗowa suka yi daga gangaren da tsagar ta tayar. Kana nisa da wurin tsakuwar na ƙanƙancewa, har ta koma yashi, har ta koma baƙar laka ta gindin tafki. In kuma shimfiɗa ta yi kauri ta wajen tsaga ta sirance ta ɗaya wajen, to tsagar na motsi a lokacin da yashin ke taruwa. Shimfiɗar da ta haye kan tsaga ba tare da ta yanke ba, ita ce shaidar cewa motsi ya riga ya tsaya. Da wannan ne muke sa wa tsaga ranar haihuwa da ranar mutuwa.

Shekarun kuwa halittun da suka daskare cikin dutse ne ke ba mu su. A saman Yashin Bima akwai laka da farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ashaka ana yin siminti. A cikinta, da kuma a rafukan Pindiga, ana tsintar ƙwanson wasu halittun teku masu naɗi kamar gammo, wasu sun kai faranti girma. Wajen shekara miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce, ruwan teku ya shigo ta kwarin nan daga kudu, ya haɗu da wani da ya gangaro daga arewa ta cikin Sahara, har ya zama kifi na iya iyo daga mashigin Gini zuwa tekun da ke arewacin Afirka. Buhun simintin da aka gina ɗakunanmu da shi, gawar wannan teku ce.

Me ya sa tekun ya shigo bayan tsagewar ta lafa? Wani masani a Kambirij, Dan McKenzie, ya ba da amsar a 1978, kuma har yau da ita ake aiki. Idan ɓawon ƙasa ya sirance, zazzafan dutsen da ke ƙarƙashinsa yakan taso ya cike gurbi. Bayan ja ya tsaya sai ya fara hucewa, abin da ya huce kuma yakan tsuke ya ƙara nauyi. Sai yankin gaba ɗaya ya riƙa lotsawa a hankali na tsawon miliyoyin shekaru, kamar yadda fanke ke saɓewa in ya sha iska. Saboda haka nutsewa iri biyu ce: ta farko mai sauri, a cikin ramukan tsaga, ta biyu mai nawa, mai faɗi, wadda ta ba teku hanya a lokacin da ruwan tekunan duniya ma ya yi sama.

Da a nan labarin ya tsaya, da aikinmu ya zo da sauƙi. Amma bayan ja sai matsa ta biyo. Tafiyar Afirka ta sauya, kwarin da aka buɗe aka dawo ana matse shi. A kudu, wajen Abakaliki, matsar ta fi ƙarfi kimanin shekara miliyan 85 da suka wuce. A wajenmu ta fi bayyana daga baya, wajen shekara miliyan 66. Shimfiɗun suka lanƙwashe kamar tabarmar da aka turo daga gefe biyu. Babban misali shi ne doron Lamurde a Adamawa, inda Yashin Bima ya yi tozo, kuma a nan ne maɓulɓular Ruwan Zafi take. Wasu tsofaffin tsagogin da ɓarinsu ya faɗa ƙasa, matsar ta sake turo shi sama ta hanyar da ya bi. A yammacin Gombe kuma yashin Kerri-Kerri ya zo ya kwanta a kan lanƙwasassun duwatsun nan bai lanƙwashe tare da su ba, wanda ke nuna bayan matsar ya zo. Daga bisani aman wuta ya huda ta wasu wuraren, ya bar mana tudun Biu da tsaunin Tangale.

Don haka in mun dawo gida da littattafanmu, da baya-baya muke tafiya, kamar mai warware ɗinki, wanda dole ya fara da zaren da aka sa a ƙarshe. Mukan zana yankan ƙasar kamar an yanka kabewa ana kallon cikinta. Sai mu cire abin da ya zo a ƙarshe. Sai mu miƙar da lanƙwasa. Sai mu mayar da kowane ɓari mazauninsa ta kan tsagar da ya zame. Akwai sharaɗi guda: dutse ba ya ɓacewa, ba ya kuma ƙaruwa. In ka gama mayarwa ka ga rami ya rage a tsakiya, ko ɓari biyu sun hau kan juna, zanenka ne ba daidai ba, sai ka koma. Malamanmu da almakashi da takarda suka koyi wannan, yanzu kwamfuta ke yi, amma sharaɗin bai canza ba. Akwai kuma gyaran kauri, domin lakar da aka danne da kilomitocin yashi takan matse ruwanta ta koma ƙasa da rabin kaurinta na asali, kamar audugar da aka danna a buhu. Sai an mayar mata da kumburinta kafin a san zurfin ramin da ta cika.

A ƙarshe lamba ɗaya ake nema: sau nawa ƙasar ta miƙe. Misali, in ɓawon da kaurinsa kilomita 35 ne ya koma 25, an ja shi da kashi 40 cikin 100 ke nan, wato filin da yake kilomita 100 ya zama 140. Ana iya samun lambar ta hanya biyu, ko a tara gibin da kowace tsaga ta buɗe, ko a auna sirancewar ɓawon daga nauyin ƙasa. A kwaruruka da dama na duniya lissafin farko yakan gaza na biyu, domin ƙananan tsagogi ba sa fitowa a awo, alhali in an tara su suna da yawa. A Binuwai, tun shekarun 1960 awon nauyi ya nuna tsakiyar kwarin ta fi gefensa nauyi, duk da cewa yashi marar nauyi ne ya cika shi. Ma'anarsa dutse mai nauyi na can ƙasa ya matso sama, ɓawon ya sirance.

Masana ba su taru a kan magana ɗaya ba game da yadda aka yi jan. Kevin Burke da abokan aikinsa, a farkon shekarun 1970, sun ɗauke shi a matsayin reshen da ya gaza cikin rassa uku, an ja shi gefe da gefe ya buɗe. Jean Benkhelil, wanda ya yi shekaru yana bin duwatsun kwarin a shekarun 1980, ya nuna cewa manyan tsagogi irin na Kaltungo ƙarcensu a kwance yake, wato ɓarin biyu gogar juna suka yi, ramukan kuma suka buɗe a inda tsaga ta yi gwiwa. Wanda ya tsaya a Kaltungo zai ga hujjar Benkhelil da idonsa. Wanda ya duba hannun Yola da na Gongola, waɗanda suka fuskanci wasu kusurwoyin, zai ga ja ya fi bayyana. Mu dai mun tashi mun tarar da wannan muhawara, kuma ita ce ta koya mana cewa ƙarce ɗaya a fuskar dutse na iya rusa kyakkyawan zane.

Mai karatu na iya cewa, to duk wannan wahala ta mece ce? Amsar da kowa ya sani ita ce mai. Kwarin Binuwai ɗan dangi ne. 'Yan'uwansa su ne kwarin Termit a gabashin Nijar, da Doba a kudancin Chadi, da Muglad a Sudan, duk lokaci guda suka tsage. Chadi ta fara fitar da man Doba a 2003 ta bututun da ya kai Kribi. Nijar ta fara haƙo na Agadem a 2011, tana tace ganga 20,000 a rana a matatar da ke kusa da Damagaram. A ɓangarenmu an haƙa rijiyoyi 23 a yankin tafkin Chadi ba a samu na sayarwa ba. A 1999 rijiyar Kolmani ta farko ta nuna iskar gas, a 2019 aka sanar da samun mai a ta biyu, ranar 22 ga Nuwamba 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin a kan iyakar Bauchi da Gombe.

Tun daga ranar, duk taron biki ko suna da muka je, sai wani kawu ya ja mu gefe ya ce, “Kai da ka karanta abin, gaya mini tsakani da Allah, akwai man nan?” A nan nauyin yake. Zama ɗan dangi ba ya sa a gaji arziki iri ɗaya. Kafin mai ya taru sai abu huɗu sun haɗu, kuma a kan kari: baƙar laka mai ɗauke da ragowar halittu, da zurfin da zai dafa ta ba tare da ta ƙone ba, da yashi mai ƙofofi da man zai shiga, da murfin laka da tsaga ko lanƙwasa da za su tare shi. In man ya nuna kafin tarkon ya ginu, ya tsere. In matsa ta zo ta ɗaga wurin ta fasa murfin, ya tsiyaye. Termit ya sake tsagewa a karo na biyu daga baya, ya samu sabon yashi da sabon murfi, ya ci gaba da zama a binne. Gongola kuwa an matse shi an ɗaga shi, ruwa ya kankare wani sashe na samansa. Wannan bambanci ba ya hana samu, amma shi ke sa dole a san tarihin kowace tsaga kafin a kafa mata injin haƙa na biliyoyin naira. Hausawa sun riga sun faɗa, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mun ga yadda jita-jita kaɗai ke tayar da farashin gona, ta sa maƙwabtan da suka yi shekara da shekaru suna aurayya su fara jayayya a kan iyaka. Shi ya sa muke auna maganarmu. In mun ce akwai, wani zai sayar da shanunsa ya sayi fili. In mun ce babu, mun kashe wa mutane gwiwa a kan abin da awo ya nuna alamarsa. Abin da muke iya gaya wa kawu shi ne abin da dutse ya nuna: laka mai kyau tana nan, zurfi yana nan a wasu ramukan, an kuma ga mai da gas a Kolmani. Yawan da za a iya fitarwa a sayar kuwa, rijiyoyi ne ke faɗarsa, ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ba mai kaɗai ne amfanin ba. Tsagogin nan su ne hanyoyin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sau da yawa bambancin rijiyar burtsatse mai ruwa da busasshiya a gari ɗaya shi ne wace ce ta dace da tsaga. Gishirin Awe da Keana, da dalmar Zurak, da gawayin Maiganga, da farar ƙasar Ashaka, duk 'ya'yan wannan kwari ne, kuma kowannensu yana inda yake ne saboda yadda ƙasar ta tsage ta nutse.

A Afar ta ƙasar Habasha, a 2005, ƙasa ta buɗe tsawon kilomita 60 cikin 'yan makonni, faɗin ya kai mita 8 a wasu wuraren, masana suka auna abin yana faruwa. Namu kwarin ya daɗe da yin shiru, shaidarsa kawai ta rage, shaidar kuma raguwa take. Akwai fuskokin dutsen da malamanmu suka koyar da mu a kansu, yau masu fasa dutse sun mayar da su tsakuwar gini. Akwai rafukan da rashin tsaro ya hana kai ɗalibai. Ba mu ce a hana kowa neman abincinsa ba. Roƙonmu ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Gombe da Adamawa da Bauchi shi ne, a keɓe 'yan wurare ƙalilan, a Kaltungo, a Pindiga, a Lamurde, a gindin Bima, a ce waɗannan ba a fasa su. Kowanne bai fi girman filin ƙwallo ba. Yaran makarantun garuruwan nan su ne suka fi cancanta a fara kaiwa, a ɗora musu hannu a kan ƙarcen, a gaya musu da harshensu abin da ya faru a bayan gidansu.